Gargaɗi: Kafin A Miƙa Wa Mai Ciki Ƙoƙon Jiƙo

Zuwa ga jama'ar ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, na ga gara in faɗe ta tun ana iya gyara. Magana ce a kan jiƙe-jiƙe da saƙe-saƙin da ake ɗura wa matanmu masu juna biyu, tun daga watan da ciki ya bayyana har ranar da suka durƙusa kan gwiwa.

Shan maganin gargajiya ga mai ciki daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Zazzau. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda harkar ta sauya hannu. A da, tsohuwar gida ce ke shiga daji ta saro saiwa, ta san itacen, ta san wadda za ta sha, ta kuma san in wani abu ya faru ita za a kalla. Yanzu kuwa maganin ya koma haja. Ranar kasuwa za ka ga mota da lasifika a kai, an jera jarkoki da ƙulle-ƙulle, mai talla yana rantsuwa cewa wadda ta sha za ta haihu kafin ungozoma ta iso. Wanda bai zo kasuwa ba yana cikin waya, a WhatsApp da TikTok, ana turo kuɗi yana aiko da kwalba a motar haya. Bai taɓa ganin matar ba, bai san watan cikinta ba, in ta mutu ma labari ba zai kai gare shi ba. Wannan ciniki kullum ƙara bunƙasa yake yi, daga Tashar Yari har Paki, daga Hunkuyi har Likoro.

Me ya sa suke sha?

Kada wani ya yi saurin cewa jahilci ne. Matar da ta karɓi ƙoƙon jiƙo tana da dalilanta, kuma wanda bai saurare su ba ba zai iya hana ta ba.

Na farko tsoro. Hausawa kan ce mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira, kuma kusan kowace mace a ƙauyukanmu ta san wadda ta tafi wajen haihuwa, ko ƙawa ko 'yar'uwa ko kishiya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Mace ɗari biyu ke nan a kowace rana. Wadda ke rayuwa cikin irin wannan fargaba, duk abin da aka ce mata zai kawo sauƙi za ta kai baki.

Na biyu biyayya. Yarinya mai cikin fari da ta je goyon ciki gidan iyayenta ba ta da bakin musu. In Inna ta ce “shanye,” ko uwar miji ta aiko da ƙullin magani, ƙin sha rashin kunya ne. Ita kuma tsohuwar da ƙauna take bayarwa, tana cewa da shi ta haifi goma. Ba ta lissafa biyun da suka zo ba rai, ba ta kuma lissafa tsararrakinta da suka sha irinsa suka riga mu gidan gaskiya, don waɗannan ba sa nan balle su ba da nasu labarin.

Na uku kuɗi da nisa. Manomin rake a Makarfi ko mai lambun tumatir a Ikara yana ganin kuɗi ne lokacin da kaya suka fito, naƙuda kuwa ba ta jiran kaka. Ƙullin magani na 'yan ɗaruruwa ne, ana ma bayar da shi bashi. Asibiti kuwa akwai kuɗin mota, akwai safar hannu da auduga da allurai da za a ce a sayo. In da damina ne kuma cikin dare, hanyar wani ƙauyen ko babur sai an tura.

Na huɗu abin da wasu ke tararwa in sun je asibitin: tsawa, gori, dogon layi, ko a iske ma'aikaci namiji shi kaɗai, ko a iske ƙofa a rufe da dare. Matar da aka taɓa yi wa wulaƙanci tana kan gwiwa ba ta mantawa, kuma sai ta ba mata goma labari.

Na biyar tsoron aiki. A wurin mutane da yawa, wadda aka yi wa tiyata ta gaza, raguwa ce. Don gudun wuƙar likita sai a yi ta banka mata abin da zai fito da ɗan ko ta halin ƙaƙa.

Waɗannan dalilai ne suka sa binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu cewa a Arewa maso Yamma, cikin kowace haihuwa ɗari, kusan 16 kacal ake yi a asibiti. Dalilan na gaskiya ne, amma ba su rage wa jiƙon haɗarinsa ko kaɗan ba.

Maganin zaƙi

A al'adarmu, ana ganin mai cikin da ke shan rake da sukari da kayan daɗi tana tara zaƙi a mararta, wanda zai tare wa ɗa hanya, kuma ba za ta haihu ba sai ya gama fita. Saboda haka daga wata na bakwai sai a fara ba ta masu ɗaci da masu wanke ciki: sassaƙen maɗaci, tafashiya, rai ɗore, filasko, wani lokaci a haɗa da jar kanwa. In ta yi ta zawo sai a ce madalla, zaƙi na fita.

Abin da ke fita ruwan jikinta ne da gishirin da jiki ke buƙata. Zawo mai tsanani yana busar da mai ciki, yana kuma iya tayar da mahaifa ta fara murɗawa kafin lokaci, a haifi bakwaini a ƙauyen da babu kwalbar saka jarirai. Rai ɗore kuwa an san yana taɓa hanta in aka yawaita. Wannan yauƙin da ake gani gab da haihuwa ana cewa zaƙi ne, majina ce da Allah Ya toshe bakin mahaifa da ita don kare ɗa, kuma da kanta take fita in lokaci ya yi, ko an sha magani ko ba a sha ba.

Ga kuma wata ɓarnar da ba a lura da ita. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 61 cikin ɗari na masu ciki a Najeriya suna da ƙarancin jini. Matar da ya kamata ta ci ƙwai da wake da zogale da hanta, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa wajen awo, ita ce ake hana wa abinci mai kyau don kada ɗa ya yi girma, ana wanke mata ciki har wata biyu. Ranar haihuwa sai ta zo fari fat, jinin da wata za ta zubar ta tashi ita shi zai kai ta ƙasa.

Kumburin ƙafa da fuska ma haka. Sai a ce alamar tagwaye ce ko ɗa namiji, ko a ce sanyi ne, a jiƙa mata wani abu. Alhali sau da yawa hawan jinin masu ciki ne, wanda in aka bar shi yake zama jijjiga. In ta fara taune-taune sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi. Abin awon jini na gano wannan ciwo cikin minti biyu, makonni kafin ya kayar da ita, kuma asibiti na da allurar da ke tsayar da jijjigar.

Maganin saurin naƙuda

Wannan shi ne ya fi kowanne kisa, don haka a saurara da kyau. Naƙuda tana zuwa ne tana lafawa, kuma akwai hikima a lafawar. Duk sanda mahaifa ta murɗa, jinin da ke kai wa ɗa iska ta mabiyiya yana raguwa. In ta saki, sai jini ya dawo, ɗa ya farfaɗo. Maganin da ke sa mahaifa ta yi ta murɗawa ba hutu shaƙe ɗan yake yi. Shi ya sa wani jaririn ke yin kashi tun yana ciki, faya ta fashe ruwan ya fito kore, a haife shi bai yi kuka ba. In ya rayu ma wani sai ya tashi wuyansa bai tsaya ba, a ce ɗan ruwa ne.

Sa'an nan ita naƙudar da ta daɗe, akwai abin da ya tsayar da ita, ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila ƙugun yarinyar ya yi wa kan ɗan kaɗan. Wataƙila ɗan a gicciye yake, ko da ɗuwawu ya taho, ko mabiyiya ce ta sauko ta tare ƙofa. Mai jiƙo ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. In hanya a toshe take aka ƙara wa mahaifa ƙarfi, fashewa za ta yi, musamman ga wadda ta haihu biyar ko fiye, ko wadda aka taɓa yi wa aiki. Alamarta mai ruɗi ce: mace na ta ihu sai ciwo ya ɗauke ɗif, mutanen ɗaki su ce ta samu sauƙi, alhali jini ne ke zuba a cikinta. In ba ta fashe ba, kan ɗan zai danne mafitsara har naman wurin ya mutu, bayan kwanaki ta fara yoyon fitsari. In kuwa ta haihu bayan wannan wahala, mahaifar da ta gaji ba ta iya tsukewa, sai jini ya ɓalle. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu.

Turawa sun bi ta wannan hanya kafin mu. Ungozomominsu sun daɗe suna amfani da wani baƙin abu mai kama da burtuntuna da ke fitowa a zangarniyar wani hatsinsu don gaggauta naƙuda. A 1808 wani likita a Amurka, John Stearns, ya yaba shi a rubuce, likitoci suka rungume shi. Ba a yi shekara ashirin ba sai ga jarirai na ta zuwa ba rai, har wani babban likitan birnin Niyok, David Hosack, ya laƙaba masa suna hodar mutuwa, ya ce a daina ba da shi sai bayan ɗa ya fito. A 1935 aka tace sinadarin da ke cikinsa a Ingila, aka san ma'auninsa, kuma har yau ana yin allurarsa don tsayar da jini bayan haihuwa. Abu ɗaya ne, kafin haihuwa ya kashe, bayan haihuwa ya ceci rai. Bambancin kawai sanin yawa da sanin lokaci.

Nan ne matsalar jiƙonmu take. Itatuwanmu suna aiki, kuma aikin nasu ne abin tsoro. Tumfafiya tana da sinadarin da ke taɓa zuciya. Ƙwayar zurma guba ce. Saiwar da aka saro da rani ƙarfinta daban da ta damina, wadda ta kwana a ruwa daban da wadda ta yi kwana uku, ƙoƙon wannan gida daban da na wancan. A asibiti in an ɗaura ruwan naƙuda, ɗigo-ɗigo ake ƙirgawa, ana sauraren bugun zuciyar ɗa, in ya yi yawa a tsayar nan take. Wanda aka riga aka haɗiye kuwa ba mai iya dawo da shi.

Gargaɗin nan bai tsaya kan itatuwa ba. Allurar naƙuda da ƙwayar misoprostol da wasu ke sayowa a kemis su ba mace a ɗaki tun ɗa na ciki, haɗarinsu ɗaya da na jiƙo, ko ma ya fi. Haka kuma duk wata ƙwayar Bature da aka sha ba da izinin likita ba, musamman a watanni ukun farko da ake halittar gaɓoɓin ɗa. Wata ƙwaya mai suna thalidomide da masu ciki suka sha don laulayi a ƙarshen shekarun 1950 ta sa an haifi yara fiye da 10,000 da naƙasa a ƙasashe daban-daban kafin a janye ta a 1961.

Akwai kuma waɗanda ake ganin su kansu ba su da wani ƙarfi, kamar ruwan karkashi da ake sha don santsi, ko busasshen tsiron nan da ake kira hannu, wanda alhazai ke kawowa a jiƙa. Illarsu lokacin da suke ci. A jiƙa wannan a jira, a sake wancan a jira, a aika wani ƙauyen a karɓo na wata tsohuwa, naƙuda ta kwana ta wuni. Sai an ga ido ya kafe sannan a nemi mota, daga ƙaramin asibiti a ce a wuce babban asibitin Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, daga can a ce sai asibitin koyarwa na Shika. In ta cika a hanya sai a ce asibiti ba su iya komai ba.

Abin da Zariya ta riga ta gani

Ba daga nesa aka kawo wannan ilimi ba, a kan iyayenmu da kakanninmu aka samo shi. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Sun samu cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan abu ya ɓaci, mutuwarsu ta ninka ta masu zuwa awo sau da yawa. A wannan asibiti kuma Dakta Farhang Tahzib ya duba mata 1,443 masu yoyon fitsari daga 1969 zuwa 1980: fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri.

Bayan haihuwa ma akwai abin lura. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun ba da rahoton yawan ciwon zuciya ga masu jego a ƙasar Zazzau, wajen mace ɗaya cikin ɗari, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya fi ɗora laifin kan hawan jinin masu ciki da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari a jiki. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai jegon da ke da hawan jini, ko kumburi, ko haki in ta kwanta, kunun kanwa ƙara mata nauyi yake yi. Irin wannan likita take buƙata a ranar, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wa tukunya wuta.

Wani zai ce ai kwalbar da ya saya tana da lambar NAFDAC. A duba da kyau. Lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya tana ƙarewa da harafin L, kuma a jikin kwalbar akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wannan lamba ba shaida ba ce cewa mai ciki za ta iya sha. Su kuwa na jarka da leda ko wannan ba su da ita.

Ni ba na cikin masu raina ilimin itatuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani ganye na ƙasar Sin aka samo shi, wadda ta gano shi, Tu Youyou, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. A Abuja ma cibiyar binciken magunguna ta ƙasa ta haɗa Niprisan na masu amosanin jini daga tsirrai, ciki har da masoro da kanumfari. Amma sai da aka gwada su shekara da shekaru kafin a ba mutane. Cikin matarka ba wurin gwaji ba ne.

Abin da ya rage gare mu

Maigida, kai ne farko. Kai ke ba da izinin fita, kai ke riƙe da kuɗi. Ranar da ka sayar da rake ko albasa ko tumatir, ware kuɗin haihuwa ka ajiye. Nemi lambar direba tun ciki na wata shida, ka san 'yan'uwa biyu da za su ba da jini in an buƙata, ka kuma bar izini a gida cewa ko ba ka nan a wuce da ita. Ta fara awo tun watannin farko, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar zuwa sau takwas.

Inna, Gwaggo, Hajiya, mun san don ƙauna kuke yi. Ku bar mata abinci mai kyau da addu'a da tofi, waɗannan ba su taɓa fasa mahaifa ba, kuma ana iya yin su a cikin mota a hanyar asibiti. Addininmu ya umarce mu da neman magani wurin masu saninsa, ya kuma hana mu cutar da rai.

Ke mai ciki, in kin ga jini komai ƙanƙantarsa, ko ciwon kai mai tsanani da duhun gani, ko kumburin fuska da hannu, ko zazzaɓi mai zafi, ko ɗa ya daina motsi, ko faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko naƙuda ta kai awa 12, asibiti za ki nufa. Bayan haihuwa in jini ya kai cikin moda guda, wajen rabin lita, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa, kada a tsaya tura miki muciya a baki, a tafi. In kuma kin riga kin sha wani abu, ki faɗa wa malamar asibiti gaskiya, ko za ta yi faɗa. In kin ɓoye aka ƙara miki ruwan naƙuda a kai, ƙarfi biyu ne zai haɗu a kan mahaifa ɗaya.

Ungozomomi, girmanku na ƙaruwa ne in kun rako mace da wuri ta sauka lafiya. Ma'aikatan asibiti, ku sassauta harshe, duk tsawar da kuka daka wa mace ɗaya kun kora wa mai jarka mata goma. Ɗaliban da ke koyon aikin lafiya a Makarfi su riƙe wannan tun suna aji.

Gwamnatin Kaduna ta yi alƙawarin ingantaccen asibiti a kowace mazaɓa cikin 255 na jihar, kuma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da kansiloli su tabbatar akwai ungozoma mai kwana a kowane asibitin mazaɓa, da wuta da ruwa. Hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa su hana tallar maganin naƙuda da lasifika. Limamai su ɗauki maganar nan zuwa mumbari, don maza a can suke.

Na faɗi abin da na sani, kuma duk wanda ya karanta ya zama shaida. Ka kai wa wanda bai iya karatu ba, tun kafin watan matarsa ya kama. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa.